Garuwa a Kan Gada

"Kar ka ja da ƙarfi, Cindo, tsinkewa zai yi!" in ji Kalla.

Ban kula shi ba. Na zura wutsiyar cokali a ramin kaset ɗin ina murzawa, zaren yana komawa ciki, duk ya yamutse. Na'urar bidiyon tana buɗe a kan teburin shagonsa, inda yake tura wa mutane fina-finai a salula. Gidan zanzaro biyu muka fitar daga cikinta.

Kaset ɗin da na'urar duk na Baba Mamani ne, maƙwabcinmu. Katanga ɗaya ta raba mu. Muna yara, zaurensa ne gidan kallon unguwa. Ranar kasuwa, da makiyaya sun sayar da bisashe, sai a cika shi har bakin ƙofa. A can na yi rabin karatuna, kafin in bar lakwal, makarantar boko, gaba ɗaya.

Akwai fim ɗaya na ƴan Sin da muka fi so. Takardar jikinsa ta ɓare tun kafin ya iso Dakoro, ba wanda ya san sunansa, sai muka sa masa Garuwa. Wani mai sayar da ruwa ne, da sanda a kafaɗa da garwa biyu, da sandar yake faɗa. A ƙarshe zai hau wata gadar igiya, garewaninsa cike, mugun da ya kashe malaminsa yana jiransa a tsallake. Yana kaiwa tsakiya sai hoto ya yanke, kokowa ta fito. Wani ne a Maraɗi ya ɗauki kokowar tele a kan ƙarshen.

Nan Baba Mamani zai miƙe, ya kashe sauti, ya ba mu sauran da baki. Kullum da irin nasa. Wata rana Garuwa ya tashi sama, wata rana ya tsinke igiya da haƙori. Abu ɗaya ne ba ya canzawa: ko ɗigo bai taɓa zuba daga garewanin ba.

Yanzu Baba Mamani yana kwance. An kai shi likita a Maraɗi, an dawo da shi, aka ce a yi ta addu'a. Da na shiga gaishe shi ya kama hannuna.

"An ce komi na cikin salulan ga taku."

"Kusan komi, Baba."

"To nemo mini ƙarshen Garuwa. Ni ma ban taɓa gani ba."

Na tsaya ina kallonsa. Duk ƙuruciyata na ɗauka ya sani, ja mana rai kawai yake.

Kwana uku ina nema. Yaya za ka nemi abin da ba ka san sunansa ba? Na rubuta Garuwa, aka nuno mini masu tura kura a Yamai. Na kasa zama wuri ɗaya. In je tasha in kalli motocin Agadas, waɗanda kullum nake cewa gobe zan hau, in dawo, in leƙa ta katanga in ga ko ana kuka. Kalla ne ya ce a tada kaset ɗin, a ɗauki hoton fuskar mutumin, salula za ta gane shi.

Na'urar kuwa ta tashi. Hoton yana rawa, da layuka, amma ga Garuwa nan da sandarsa. Kalla ya ɗauka sau shida, a na bakwai aka dace.

"Ga shi! Kai, wanga suna ko mai shi ba ya iya hwaɗi," in ji Kalla.

"Sauko da shi."

"Da wane rezo? Tahi gindin eriya."

Na zauna a gindin eriyar kamfanin waya, inda rezon intanet ya fi ƙarfi, daga azahar har la'asar, rana tana cin ƙeyata, ina kallon layin saukowar fim ɗin yana tafiya kamar jakin da ya gaji. Da ya cika na ja shi zuwa gada. Minti tara ne suka rage. Na kalla. Na sake kalla, ko zai canza.

Inna Ladidi, matarsa, tana tsakar gida tana dama fura da ba wanda zai sha.

"Shiga, ɗana. Tun ɗazu sunanka yake kira."

Ɗakin yana warin man zafi. Na durƙusa na kai salular gaban fuskarsa. Ya ƙanƙance ido, ya kawar da kai.

"Hayaƙi kawai nike gani. Kai ka kalla?"

"Na kalla."

"To hwaɗa mini."

Na ce Garuwa ya kai tsakiyar gada, mugun ya sare igiya ɗaya, sai Garuwa ya cilla garewanin sama, ya yi tsalle ya doke shi a ƙirji da ƙafa biyu, ya juyo ya cafe su kafin su sauko.

"Ɗan nema," in ji shi. Muryar da ƙyar take fita. "Wannan nawa ne. Na ranar babbar salla, shekarar da gurup, injin lantarkina, ya kama wuta. Kana gaba, majina har baki. Ni za ka saida wa kayana?"

Inna Ladidi ta yi dariya daga bakin ƙofa, ta toshe baki da gyale.

"Baba, ba daɗi."

"Na tambaye ka daɗi?"

Sai na faɗa. Garuwa bai kai tsallake ba. Iska ta kaɗa gadar, katako ɗaya ya karye, ya faɗi a gwiwa. Wasu sojoji da ba mu taɓa gani ba suka fito daga daji suka kama mugun. Garuwa ko taɓa shi bai yi ba. Daga nan sai rubutu.

Ya rufe ido har na zaci barci ya ɗauke shi.

"Ruwan hwa?"

"Ya zube."

"Duka?"

"Duka, Baba. Garwa ɗaya ma ta faɗa kogi."

Ƙirjinsa ya fara motsi. Na tsorata, na kira Inna. Ashe dariya yake, hawaye yana gangarowa cikin kunnensa.

"Shekara ashirin," ya ce, "ina riƙe masa ruwan nan."

Ya nemi a ba shi na randa. Inna ta tallafi kansa, ya sha kurɓi biyu.

Washegari da hantsi ya cika. A maƙabarta na ga mutanen da ban san sun san shi ba: wani direba, wani jandarma, Buzaye biyu da suka zo daga daji a kan moto. Ɗaya daga cikin Buzayen ya raɗa mini, "Mu a wurinmu, da haƙori ya tsinke igiyar."

Bayan sadakar bakwai na je shagon Kalla in ɗauko na'urar in mayar wa Inna. Kaset ɗin yana ciki. Kalla ya fita salla. Na kunna, na bar shi ya yi ta tafiya har gada, na danna tsayawa kafin kokowa ta shigo.

A waje wata motar Agadas tana ta oda, ana kiran saura mutum ɗaya. Garuwa yana tsaye a tsakiya, sanda a kafaɗa, hoton yana ɗan rawa, garewanin cike har baki.