Ƙafar da Ba Ta Amsa Ba

"Nan fa?"

"Babu komai, Yaya."

Inna Mai Ɗori ta gangaro da babban yatsanta zuwa ƙarƙashin idon sawu, ta danna iya ƙarfinta, ta ɗaga kai tana kallon fuskar maƙwabciyarta, telar da ake kira Mai Keke. Abin da ta saba gani take jira, cizon leɓe ko runtse ido ko salati. Mai Keke kuwa ko a jikinta. Ƙafarta ta dama na kan cinyar Inna ta kumbura suntum, ita kuma tana ta fama da zura zare a allura, har da mitar cewa allurar yanzu ba a yi mata ido don tsofaffi ba.

Da safiyar ranar ne ta fito da ƙunshin yadi, ta zame daga matakalar ƙofarta, ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashinta. Ta tashi ta kaɗe zani ta ci gaba da harkarta. Sai da takalmi ya ƙi shiga sannan ta leƙo ta katanga ta kira Inna.

Inna ba ta da na'ura, ba ta da takarda, kuma ba ta taɓa jin tana bukatarsu ba. A wajen mahaifinta ta gaji ɗori, shi ya koya mata cewa ƙashi bebe ne, mai shi ke yi masa baki. Yatsa ya tambaya, ihu ya amsa, inda ihun ya fi ƙarfi nan karayar take. Shekara talatin tana aiki da wannan, bai taɓa ba ta kunya ba. Ƙarti majiya ƙarfi, 'yan dako da 'yan ƙwallo, duk sun kira sunan iyayensu mata a kan tabarmar nan. To ga ƙafa an bi ta gaɓa-gaɓa, daga yatsu har ƙwauri, an murɗa ta hagu da dama, mai ita ba ta fasa hira ba. Me ya rage a ce?

"Targaɗe ne," in ji Inna. "Kin auna arziki."

Ta ɗora ruwa a wuta don gashi. Shi ma gashin da tambaya take yin sa: ta tsoma tsumma, ta matse, ta ɗora, in mai ciwo ya zabura ta sirka da ruwan sanyi. Hannunta dai ya daɗe da daina ba ta labari, tafinsa ya yi kanta kamar bayan tukunya. Ta ɗora tsumman ta tambaya ko ya yi zafi. Mai Keke ta ce ita fa ba ta ji komai ba, ko Yaya rowar gawayi take yi? Suka yi dariya. Inna ta mayar da ruwan kan wuta har ya tafasa, ta gasa ƙafar sosai, ta shafa man zafi, ta naɗe ta da bandeji tamau. Ta ce kada a kwance sai bayan mako guda, kada kuma a taka.

Wannan na biyun ita ma ta san ɓata bakinta take yi. An kusa komawa makaranta, kayan yaran rabin unguwar na jibge a ɗakin Mai Keke, kuma da ƙafar dama take taka keken ɗinkinta. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. Shekara ashirin ƙarar keken nan ce agogon Inna, har tana iya gane lokacin da ake ɗinkin baki da lokacin da aka shiga lanƙwasar wuya. Washegari da hantsi ta ji ya tashi, kacau-kacau, kamar kullum. Maimakon ta je ta yi faɗa, sai ta yi murmushi. Har ta gaya wa wata mata da ta kawo ɗanta mai gocewar hannu cewa wannan da take ji, ƙafar da aka ɗaura jiya ce ke aiki.

Rana ta biyar keken ya fara tsayawa a tsakiyar layi. Rana ta shida bai tashi ba.

Ɗiyar Mai Keke, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a wani gari, ta zo ƙarshen mako. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta shigo wajen Inna, ta gaishe ta a tsaitsaye, ta ce ta zo ta ga Umma, jikinta zafi rau, kuma akwai wani wari a ɗakin.

Tun daga bakin ƙofa Inna ta san warin. Ta durƙusa ta fara warware bandejin. Naɗin ƙarshe da fata ya taho. Bayan ƙafar duk ƙuna ce, ta yi bororo ta fashe ta ruɓe, yatsu biyu sun yi baƙi, idon sawun ya karkace ya kalli waje. Da ta tallabo dunduniyar sai ta ji wani abu ya karce ta. Ta juya ƙafar. Ƙaramar allura ce irin ta kama yadi, ta shige tafin har kusan kanta. Inna ta zare ta a hankali, tana kallon fuskar Mai Keke. Mai Keke na kallon ɗiyarta, tana tambayarta ko ta ci abinci a hanya.

A nan ne Inna ta gane. Ƙafar nan ba ta ji, kuma ba yau ta daina ba. Kowa a unguwar ya san Mai Keke na da ciwon sukari shekara tara, Inna da kanta ke tsokanarta da shayinta salam. Amma ba ta taɓa haɗa sukari da ƙafa ba, babanta bai koya mata wannan ba. Ta soke allurar a bakin mayafinta ba tare da ta san ta yi ba.

A asibiti likitan ƙafa bai danna ko'ina ba. Ya ce Mai Keke ta rufe ido, ya ɗauko wani siririn zare mai tauri ya riƙa taɓa tafin ƙafar da shi wuri-wuri, ya ce in ta ji ta yi magana. Ya taɓa wuri goma. Tana nan idonta a rufe, daga ƙarshe ta tambaya ko an fara. Da hoton ƙashi ya fito ya ɗaga shi a gaban fitila ya nuna musu: ƙasusuwa biyu ne suka karye a idon sawun, kuma an yi ta taka su har bakunansu sun niƙe. Sannan ya dubi ƙunar ya tambaya, ba da faɗa ba, wa ya gasa ƙafar nan da tafasasshen ruwa.

Inna ta buɗe baki.

"Ni na gasa abina," in ji Mai Keke. "Ni na ɗaure."

Inna ta rufe bakinta. Allah ya sani ta ji daɗi, kuma ta tsani kanta saboda daɗin da ta ji.

Likita ya ce ruɓar tana hawa sama. In an yanke daga ƙasan gwiwa yau ko gobe da safe, yana sa ran za a tsira da rai. Malama ta fara kuka tana cewa a kawo takardar a sa hannu. Mai Keke ta ce ba ta ƙi ba, amma ita mutum ɗaya ta sani da ta san ƙafa a duniya. In Yaya ta ce a yanke, a yanke. In ba ta ce ba, ba mai taɓa ta.

Duk suka juyo suna kallon Inna.

Ita kuwa abin da take taƙama da shi ke nan tsawon rayuwarta, cewa ba a taɓa yanke ƙafar da ta bi ta hannunta ba. Ta sha faɗa a tsakar gida cewa mutanen asibiti wuƙarsu a kusa take. In yau ta ce a yanke, da wane baki? Kuma wace ƙafa, in ba wadda ita ta dafa da hannunta ba? Ta dubi yatsun nan uku da suka rage da sauran launinsu, ta ce wa ranta ai ta sha ganin wadda ta fi wannan muni ta tashi. Wataƙila ta sha gani ɗin, amma ba wannan ne ya sa ta magana ba.

"A ɗan saurara kwana biyu," ta ce. "A ga abin da allurai za su yi."

Likita ya ce kwana biyu na da yawa. Mai Keke ta ce ai an ji abin da Yaya ta ce. Malama ta bi Inna har baranda tana roƙonta, Inna don Allah ki sake dubawa, ke kaɗai take ji. Inna ta ce mata ta yi haƙuri, ƙafa ba gashin kai ba ce da za a aske ya sake tsirowa.

Kwana biyun nan a kan benci ta yi su, a gefen gadon. Da safe nas ta zo ta zana layi da biro a ƙwaurin, daidai inda jan ya tsaya. Da la'asar jan ya wuce layin da faɗin yatsa biyu. Inna ta auna da nata yatsun, ta ja zani ta rufe. Washegari aka zana sabon layi, shi ma aka wuce shi. Mai Keke ta daina cin abinci, tana barci tana farkawa, wani lokaci ta tambaya ko an zo karɓar wandunan 'yan aji uku, a gaya musu saura maɓalli.

Rana ta biyu da azahar Malama ta fita karɓo magani. Mai Keke ta farka idonta tar, kamar ba ita ba. Inna ta matso da bencin har gwiwarta na taɓa ƙarfen gadon.

"Ki bari a yanke," ta ce. "Tun shekaranjiya ya kamata in faɗa. Karaya ce na ce targaɗe. Ni na ƙona ki. Da aka tambaye ni kuma, kaina na duba, ban dube ki ba."

Mai Keke ta juyo da kai ta dube ta.

"Yaya, ai ni ma ban gaya miki ba," ta ce a hankali. "Shekara biyu ke nan ba na jin fedar keke a ƙafata, da kunne nake ɗinki. Na ji tsoro in na faɗa a ce in bar keken." Ta lalubo hannun Inna ta riƙe. "To a yanke ɗin. Ki ce musu su bar min gwiwa, na ga ana sa wa keke injin lantarki yanzu."

Inna ta tashi da gudu, tsohuwa da ita, takalmi ɗaya a ƙafa, tana neman likita ɗaki-ɗaki. Ya zo ya duba idon Mai Keke, ya auna jininta, ya sake aunawa. Sannan ya ja Inna da Malama gefe ya ce ciwon ya shiga jini, jinin kuma ya yi ƙasa sosai, in aka sa ta barci yanzu ba za ta farka ba. Za su ƙara ruwa su ga ko zai hau. In ya hau, da safe za a shiga da ita.

Bai hau ba. Washegari da hantsi, daidai lokacin da keken ya saba tashi, Mai Keke ta cika, hannunta cikin na ɗiyarta.

A barandar asibitin Inna ta gaya wa Malama komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Malama ta saurara har ƙarshe, idonta a ƙasa. Ta ce tun ranar da ta zo ta gane naɗin bandejin, duk unguwar ba mai naɗi irin wannan. Ta ce Umma ta hana ta magana. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ta dai ɗauki jakar kayan mahaifiyarta ta yi gaba. Inna ta fi son a ce zaginta ta yi.

Bayan kwana tara, da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Malama ta turo a ce wa Inna ta zo ta taya ta ware kayan mutane, tunda ita ta san masu su. Inna ta shiga ɗakin. An wanke shi, warin ya tafi, sai ƙanshin sabon yadi da man keke. Wani ƙaramin wando na nan a ƙarƙashin allurar keken, an ɗinke ƙafa ɗaya, ɗayar an tsaya a rabi. Ta zare allurar nan daga bakin mayafinta ta soke ta a ƙullin tsumman da Mai Keke ke tara allurai.

Sannan ta durƙusa don ta jawo kwandon ƙyallaye daga ƙarƙashin keken, sai idonta ya faɗa kan fedar. Baƙin fentin ya goge a gefen dama, ƙarfen ya yi fari sol, tun daga inda dunduniya ke zama har inda yatsu ke ƙarewa. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa babban yatsanta ta ɗora a wajen dunduniyar, ta danna.

Keken ya juya rabi, allurar ta sauka sau ɗaya, ya tsaya.