Rijiyar Gidan Kawu Issaka

Barkisu ta ɓalle taswirar daga bangon masallaci da ƙarfi har kusa ɗaya ta faɗo. Ta naɗe ta, ta nufi gidan Kawu Issaka, tana tsallake kwatocin unguwar Aboabo. Mai sayar da waakye, shinkafa da wake, ta gaishe ta, ba ta amsa ba.

Jiya aka binne Nuriyya, jikar Kawun, 'yar shekara huɗu. Amai da gudawa. Kuma sati uku ke nan da Barkisu ta auna ruwan rijiyoyi tara na unguwar, ta zana su a kwamfutar ofishinsu: jan ɗigo rijiya mai cuta, kore mai kyau. Ta kai wa kwamitin dattawa, ta danƙa wa Kawu, shi da ke riƙe da kwaɗunan kulle rijiyoyin. Rijiyar gidansa ja ce. Bai rufe ta ba.

Wannan sakacin na Zongo ne ke cin ranta. A zauna, a ce madalla, a sha shayi, a watse.

Ta same shi a soro shi kaɗai, masu gaisuwa sun tafi sallar azahar. Ta durƙusa, ta ce ya haƙuri. Sai ta shimfiɗa takardar a kan tabarma.

"Kawu, me ya sa? Ga ta nan. Ja! Na kawo muku har gida."

Ya daɗe yana kallon takardar.

"Wacce ce jan, Barkisu?"

"Kawu?"

"Ɗigo tara nake gani. Duka kalar ƙasa. Haka Allah ya yi idona." Ya shafa gemunsa. "Na rufe guda uku da ke bakin kwata, na ce ai su ne. Tamu ruwanta garai-garai, tun zamanin kakanki ake sha."

Ta tuna Inna Habsatu, matarsa, ita ke fitar masa da hula kullum, suna yi musu dariya wai soyayya ce. Ta tuna shi a kasuwar Tafo yana latsa tumatir ɗaya bayan ɗaya kafin ya saya.

"Ai da ka tambaye ni."

"A gaban mutane kika ce ko ɗan shekara biyar zai gane. Kowa ya ce *yoo*, Madam ta yi aiki." Babu faɗa a muryarsa. "Ni da na goya ki, in ɗaga hannu in ce ban kai ɗan shekara biyar ba?"

Daga cikin gida kukan uwar Nuriyya ya taso, ya sake kwantawa. Barkisu ta dubi taswirar. Kwana biyu ta yi tana zaɓen wannan koren, don ya yi kyau a hoto.

"Ban da taka, saura biyu masu cuta, Kawu. Har yanzu ana ɗiba."

Ta juya bayan takardar, ta ciro baƙin biro daga jaka. Ta rubuta da manyan baƙaƙe: Gidan Iddi mahauci. Gidan Hajiya Fareeda. Ta ja gicciye a gaban kowanne. A na uku hannunta ya tsaya.

"Rubuta," in ji shi. "Gidan Issaka."

Ya miƙe a hankali, ya ɗauko kwaɗo daga taga.