Tsakanin Ƙofofin Galiya

Ni dai ban taɓa ƙaunar zakanyar nan ba, kuma ban ɓoye wa ƙanena Falih ba. A kwali ya shigo da ita gidanmu da ke cikin gonar dabino a Abul Khasib, kusa da Basra, ƙafafunta sun lanƙwashe don yunwa, wai a hannun wani mai sayar da tsuntsaye ya ceto ta. Na ce masa masu hankali kaza suke cetowa, ko ba komai ta yi musu ƙwai. Ko kallona bai yi ba. Ya raine ta da madarar ɓauna, ya raɗa mata suna Galiya, ta girma tana bin dugadugansa duk inda ya sa ƙafa. Allah bai ba Falih haihuwa ba, matarsa kuma ta rasu da wuri, sai 'yan unguwa suka shiga kiransa Abu Galiya, wato uban Galiya, don tsokana. Shi kuwa amsawa yake har da dafa ƙirji.

Da labari ya zo cewa wani zaki ya kashe mai shi a can arewa, hukuma ta fito da doka kan masu irin waɗannan dabbobi a gida. Dokar ta ce shinge ya yi tsawo, kansa ya lanƙwaso ciki, a zuba kankare a ƙarƙashinsa saboda haƙa. A samar da inuwa da ruwa, likita ya riƙa dubawa, kuma ba a cire wa dabba farce ko haƙori. Babban sharaɗin shi ne ƙofa biyu da ɗan soro a tsakaninsu, ba a buɗe ɗaya sai ɗayar tana rufe da sakata. Wanda ya cika a ba shi lasisi. Wanda ya gaza a ɗauke dabbarsa zuwa gidan namun daji na gwamnati. Dabbar da kuwa ta sa ƙafa a wajen keji, harsashi ne nan take, ba a neman shawarar mai ita.

Falih ya sayar da motarsa ya gina duk abin da aka ce. Ya rame, ya daina cin abincin kirki, kullum yana can yana gwada sakata kamar mai shirin jarrabawa.

Ranar dubawa aka turo likitan dabbobi, Dakta Thamir, mutum mai ladabi har ya yi yawa, tare da wani hafsan 'yan sanda mai suna Udai, bindiga rataye a kafaɗa. Baffanmu Hajji Mizhir, dattijon danginmu, shi ma ya iso ba wanda ya gayyace shi, wai don hukuma ta san Falih ba maraya ba ne. Tun da na hango alkyabbarsa gabana ya faɗi, domin Baffa bai taɓa zuwa wuri ya tsaya a gefe ba.

Da farko komai ya tafi daidai. Likita ya auna shinge, ya buga kankare da ƙafa, ya leƙa kwamin ruwa. Sannan ya ce saura ya ga faratanta da haƙoranta. Shi da Baffa suka shiga soron tare da Falih, aka danna sakatar waje. Falih ya wuce ciki shi kaɗai, ya ja ƙofa ta rufu a bayansa. Galiya ta taso tana goga masa kai a cinya, ya ɗaga ƙafarta ya nuna, ya ɗage mata leɓe. Likita ya ce madalla, ya gani, an gama. Na koma madafi na ɗauko shayi, zuciyata ta ɗan kwanta.

Ina dawowa da faranti na tarar likita ya zare sakatar waje, ya buɗe ƙofar, ya koma gefe yana nuna wa Baffa hanya. Baffa ya ce sam, baƙo ne kan gaba. Likita ya ce ba zai shiga gaban sa'an mahaifinsa ba. Baffa ya kama gwiwar hannunsa yana turawa, shi kuma yana noƙewa yana dariya. Wannan ja-in-ja kowace ƙofa a Basra ta saba da ita, ni kaina na sha tsayawa da abinci yana hucewa ina jiran maza su gama. Sai likita ya yi kuskure ya ce wallahi ba zai fara fita ba.

Baffa ya daina murmushi. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka rantse a gidan ɗana? To ni ma, na rantse da igiyar aurena..."

Kowa ya san abin da zai biyo baya. In ya ƙarasa, ko dai baƙo ya karya rantsuwarsa, ko auren tsoho da tsohuwarsa ya shiga hatsari, kuma kunyar duka a kan mai gida za ta sauka. Falih yana ciki ya ji. Bai yi tunani ba, ya fizge ƙofar ciki ya faɗo soron, ya kama yatsan Baffa yana cewa don girman Allah ya yi shiru. Ƙofar da ya shigo ta tsaya a buɗe, Galiya kuma ta biyo shi.

Na ga kanta ya ɓullo tsakanin gwiwoyinsu, idonta a kan hasken waje. Udai ya ja da baya, ya durƙusa, na ji ƙarar ɗana bindiga. Taku kaɗan ya rage mata. Na saki farantin, na sa kafaɗa na banka ƙofar waje, ta bugi Baffa ya koma ciki, na danna sakata. Na kulle maza uku da zakanya a wurin da bai fi banɗaki girma ba.

"Hajiya, matsa daga nan," in ji Udai.

Na jingina bayana da ƙarfen, ina jin hucin numfashinta ta cikin rigata. Na ce, "Ɗana, ƙafarta tana ciki. Dokarku waje ta ce."

Bai sauke bindigar ba, amma bai harba ba, don ba ta inda harsashi zai bi bai taɓa mutum ba. Na waiga a hankali. Likita ya manne da bango, idonsa a rufe. Baffa yana jan carbi da sauri, jelar carbin tana lilo, Galiya kuma ta bar kallon waje ta koma bin jelar da ido, kunnuwanta sun miƙe.

Falih ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Baffa, daina motsa hannunka."

A rayuwarsa Baffa bai taɓa bin umarnin na ƙasa da shi ba sai ranar. Falih ya fara ja da baya zuwa cikin keji, yana kiran sunanta da muryar da yake kiranta cin abinci. Ba ta bi shi ba. Ta sunsuna wandon likita tun daga idon sawu har gwiwa, ta juya ta kama gefen alkyabbar Baffa da haƙori, ta ja. Tsoho ya yi tangaɗi. Da ya faɗi a gabanta, ban san abin da zan gaya wa matarsa ba. Allah ya taimaka ya sassauta kafaɗu, alkyabbar ta zame, ta ja abarta zuwa inuwa tana wasa da ita. Falih ya lallaɓo ya fito, ya rufe ƙofar ciki, ya danna sakata, sannan na buɗe tawa. Wannan karon ba wanda ya ce wa wani ya fara fita.

A zauren baƙi Baffa ya ƙi kallona, wai mace ta rufe masa ƙofa a fuska. Da hankalinsa ya dawo jikinsa, sai ya gyara zama ya ce abin da ya faru a gidan nan bai faru ba. Udai ya ce shi dai shayi ya ga ya zube. Likita, kunya ta ishe shi, ya ce ai shi ya fara buɗe ƙofa mai gida yana ciki, kuma bai ga keji mai kyan wannan ba a duk zagayensa. Ya zaro alƙalami zai sa hannu a lasisin.

Falih ya dafa hannunsa. Ya ce, "Dakta, bari. Kejin ba shi da laifi. Ba wanda ya fi ni sanin dokar ƙofar nan, amma na ji Baffa zai rantse, na buɗe. Gobe ma in na ji, zan buɗe."

Baffa ya hau faɗa, yana cewa an ba ka kana ƙi, wane irin yaro ne kai. Ina tsaye a bakin labule, tausayin Falih ya kama ni. Likita ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da alƙalamin aljihu, ya ce za a turo mota a ɗauki Galiya. Falih ya roƙi a zo da sanyin safiya, don zafi yana wahalar da ita a hanya. Sannan ya tambaya wa zai riƙa shiga wurinta a can.

"A can ba a shiga, Abu Galiya," in ji likita. "Ta taga ake miƙa musu nama."

Falih ya gyaɗa kai. Ya ɗauki butar gahawa ya ci gaba da zuba wa baƙinsa.