Rawanin Gabas

Kwana uku ƙarti shida suka yi suna sara da diga kafin tsohon soron da ke kan tsaunin Tamaske ya yarda ya faɗi. Kalla magini yana tsaye a gindin tsaunin, hannuwa a baya, yana kallo. Shi da mahaifinsa suka gina soron nan shekara arba'in da suka wuce, kuma ko tsaga bai taɓa yi ba.

Ba rushewar ce ta ci masa rai ba, mai gida yana da iko da gidansa. Maganar ce. Alhaji Mahfuzu, wanda ya gaji wurin, ya dawo daga Abijan da tumbi da mota, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a yana shelar zai gina gidan da ba a taɓa gani ba a ƙasar Adar: ba itacen girki, ba gas, ba injin wuta, komai da hasken rana. Wani ya tambaya ko Kalla ne zai yi aikin. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kalla? Ai zamanin ginin zanzaro ya wuce."

Aka kwashe da dariya, har da waɗanda suke kwana a ɗakunan da Kalla ya gina, marasa kunya! Kafin mako ya zagayo sunan zanzaro ya bi Kalla har kasuwa.  Shi kuwa ya rantse a ransa sai ya ga ranar da Alhaji zai sunkuyar da kai a ƙofar masallacin nan.

Injiniyar da aka ɗauko mace ce, Mardiyya, 'yar garin Buza, ta gama karatu a Yamai, kuma wannan ne aiki na farko da aka damƙa mata ita kaɗai. Kalla ya so ya raina ta, ya rasa ta inda zai fara. Bango ta yi mai kauri na dutse da laka don ɗaki ya riƙe sanyinsa, tagogin yamma ƙanana, ga kafofi can kusa da rufi inda zafi zai fice da kansa. Abin da mahaifinsa ya koya masa ne, sai dai ita a takarda ta zana. A kan rufin kuma za a jera allunan hasken rana ashirin da huɗu, waɗanda ake ce wa pano, su ba murhu da firigo mai sanyaya ruwa da famfo wuta.

Wata Talata da hantsi ta sauko ta yi sallama a zaurensa, ta durƙusa.

"Baba, shawara na zo nema. An ce ba wanda ya san tsaunin nan kamarka."

"An dai ce, ɗiyata."

Ta shimfiɗa takardar a kan tabarma, ta ɗora yatsa. "Rawanin gabas, wannan katangar ta bakin rufi. An gaya mini na tsohon soronku ya kai ƙirji. In na yi shi haka, inuwarsa za ta rufe pano har hantsi, mu rasa wutar safe. Ina so in sauke shi ya koma taƙi ɗaya. Akwai dalilin da ya sa kuka ɗaga shi?"

Akwai mana! Gabas da tsaunin akwai wata kafa tsakanin duwatsu biyu, inda iskar hadarin farko take matsewa ta fito kamar an saki bijimi. Ba kowace shekara take zuwa da ƙarfi ba, amma in ta zo, duk abin da ba shi da kariya a kan rufin nan sai dai a tsinto shi a gona. Wannan kuwa ba ya cikin kowace takarda ta Yamai.

Kalla ya ƙura wa takardar ido, amma tumbin Alhaji yake gani yana rawa.

"Ado ne kawai na mutanen da," ya ce. "Sauke abinki."

Ta yi ta godiya, ta ce Allah ya ƙara girma. Ya amsa da amin, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Aka gama gidan cikin bazara. Mutane suka riƙa hawa suna shan ruwan sanyi, suna mamakin ɗakin da ba fanka amma ba ya zafi da tsakar rana. Kalla kuwa kullum da la'asar sai ya fitar da tabarma ya fuskanci gabas. Matarsa Furera ta ce, "Malam, kai da ba ka da gona, wane ruwa kake jira haka?" Ya ce ta bar shi.

Da la'asar sakaliya ranar ta zo. Gabas ta yi ja, ta koma baƙa ƙirin, iska ta faso ta kafar duwatsun ta shige ƙarƙashin allunan. Aka ji ƙarfe yana kuka, sai ga su suna tashi ɗaya bayan ɗaya kamar faifai. Kalla yana tsaye a ƙofar zaure, ruwa na dukansa, bai matsa ba. Wallahi ya ji daɗi, irin daɗin da ya shekara bai ji ba. Malmala biyu ta tuwo ya tashi da ita ran nan.

Ranar Juma'a ya riga kowa zuwa masallaci. Sai ga Alhaji ya iso yana fara'a, ko a jikinsa. Wasu allunan suna kan hanya, in ji shi, tare da sabon injiniya.

"Laifina ne da na ba mace aikin maza. Amma na kira duk wanda na sani daga nan har birnin Tawa. Ba mai sake ba ta ko ginin akurki."

Jama'a suka gyaɗa kai. Ko mutum ɗaya bai yi wa Alhaji dariya ba.

Washegari Mardiyya ta tsaya a zauren Kalla da jakarta, za ta tasha. Idanunta sun kumbura.

"Baba, na zo yi maka ban kwana. Alhaji ya matsa mini in faɗi wanda ya ba ni shawarar sauke rawanin. Na ce ni kaɗai na yanke. Sun ci mutuncinka sau ɗaya, ba zan bari su ƙara ba a kan kuskuren da kowa zai iya yi."

Kalla ya buɗe baki. Ta sunkuyar da kai tana jira, yadda ake jiran maganar babba.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce.

Ta ce amin, ta ɗauki jakarta.