Jan Fenti a Ƙofar Dewey

Kwana goma sha ɗaya kacal Dewey Sizemore ya shiga ramin kwal lokacin da 'yan'uwansa ma'aikata ke yajin aiki. Shekara talatin da huɗu ke nan, garin bai yafe ba.

Ga 'yarsa Darlene tsaye a barandar maƙwabcinsu Virgil Combs, ido jawur.

"Baba Virgil, babana ya cika ɗazu. Ciwon huhun nan na ƙurar kwal ne. Mutum shida ake so su ɗauki akwatin, ko ɗaya ban samu ba."

Virgil bai motsa daga kujerarsa ba. Ƙofar garejin Dewey yake kallo a tsallaken titi, inda shi da hannunsa ya rubuta kalmar Turanci SCAB da jan fenti. Sau bakwai Dewey yana shafewa da fari.

"Kin san ma'anar abin can?"

"Tun ina aji uku ake jifana da ita."

"Ba ki san tushenta ba dai. Kakana ya ce asali ƙazuwar tumaki ce, ɓawon nan mai bin fata. Aka zo aka liƙa wa ɗan iska, daga nan ta zauna a kan wanda ya ci amanar masu yaji. Tunkiya in ta kamu, ware ta ake yi."

"Ni ce fa nake kwance lokacin! Kuɗin magani ya je nemo mini."

"Ƙanena Roscoe 'ya'ya uku gare shi, bai shiga ba. Motar da ta ɗauko ubanki ita ta take shi a bakin ƙofar ramin. Ubanki na kujerar gaba, ko leƙowa bai yi ba." Ya tofar da taba a gwangwani. "Mutum ɗari uku suka raka gawar Roscoe."

"To a bar babana a ƙasa ke nan?"

"Kamfani ya zo ya ɗauka. Ai su ya zaɓa."

Kamfanin kuwa ya rufe tun tuni.

Ran Alhamis Virgil ya sa baƙar kwat ɗinsa, ya kira tsofaffin abokan rami su biyar. Suka jeru a bayan shingen maƙabarta, hannu cikin aljihu, don Darlene ta ga cewa shidan suna nan.

Motar haƙa kabari ce ta ɗaga akwatin da igiya biyu, yana lilo. Darlene kaɗai ke biye, ta ɗora tafin hannu a gefensa don kada ya karkace.

Da Virgil ya dawo gida an yi yayyafi. Farin fentin ya jiƙe, jan yana leƙowa ta ƙasa.