Gefen Hagun Shu'aibu

"Kalli hancina, Baba, kada ka juya," in ji Likita Nafisat. "In ka ga yatsuna na motsi, ka faɗa."

Ta kaɗa su ta damansa.

"Ga su nan," in ji Shu'aibu kafinta.

Ta koma hagu, ta kaɗa, ta matso har ta kusa taɓa masa kunne. Shu'aibu na zaune shiru, yana jiran a fara.

Ta wannan gefen maƙwabcinsa Malam Sanda yake tsaye, riƙe da makullin mota.

Dakalin Sanda a Kurmin Mashi yana hagun duk mai fita titi. Tun bayan babbar salla Shu'aibu ke wuce shi da safe, kai a miƙe, ba ko ɗaga hannu. Da yamma kuwa dama can ta bayan layi yake dawowa. Sanda ya girme shi, ga shi tsohon ma'aikacin gwamnati, bai ga dalilin da zai sa ya fara gaida kafinta ba. Ya zauna ya yi bincike shi kaɗai, ya fitar da sakamako: ɗan Shu'aibu ya samu aiki a Abuja. Ya raba sakamakon a majalisa kyauta, ya sauya masallaci.

Ran da matarsa Harira ta ce an ce Shu'aibu yana yawan karo da bakin ƙofa, ko zai kai shi a duba, cewa ya yi, "Girman kai ne. Ƙofar ce ta yi masa kaɗan."

Yau ma sai da Hadiza, 'yar Shu'aibu, ta durƙusa masa a zaure, ta ce wani abu kamar labule ya rufe wa babanta idon dama sannan ya yaye, kafin ya nemo makulli.

"Hagun nan ya daɗe," in ji likita bayan ta auna jininsa. "Ba idon ba ne, jijiya ce ta toshe a kai. Na yau gargaɗi ne. Da tun farko aka..." Ta fasa. "Ku wuce babban asibiti yanzu. Kada ku biya gida."

Da zuwa a baya ya kwanta ido a rufe, bai san wanda ya tuƙo shi ba. Yanzu da ya zauna a gaba, sai da Shu'aibu ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya samu direbansa.

"Yaya Sanda! Ka yi wuyar gani. Kullum na wuce ba ka waje, masallaci ma shiru. Na ce wa Hadiza ko gwiwar ce ta tashi."

"Ita ce," in ji Sanda.

"Ka ga, ni ma aiki ya hana ni leƙo ka. Ka yafe ni."

"Haba, ba komai."

Ya yafe masa, har da gyaɗa kai irin na manya.

Ya yi niyyar faɗar gaskiya in sun wuce cunkoso. Da suka wuce, ya ce bari a gama hoton kai. Da aka gama, ya ga bai kamata a tayar wa mara lafiya hankali ba, sai in ya ji sauƙi. Kafin sauƙin, jijiya ta biyu ta toshe. Shu'aibu bai ƙara magana ba, ya cika ranar Alhamis da hantsi.

"Baba Sanda, kai za ka taya liman wanka," in ji Hadiza ta bayan ƙyaure. "Ba shi da wanda ya fi ka."

Ya nemi uzuri, ko gwiwar ma, bai iya furtawa ba.

Liman na wankewa, shi yana zuba ruwa da buta. Da aka zo hannu ya sunkuya.

"Shu'aibu," ya ce a hankali, "ba gwiwa ba ce."

"Magana kake, Malam?"

"A'a. Na ce ruwan ya yi sanyi."

Duk da kwanakin asibiti, akwai sauran garin katako a ƙarƙashin faratan mamacin. Sanda ya ajiye buta, ya zaro tsinke daga tsintsiyar da ke jingine a bango, ya shiga fitar da shi yatsa bayan yatsa. Liman ya dube shi, ya dubi ƙofa inda jama'a ke jira, sannan ya gyara tsugunno.