Zauren Baba Kafin Diga Ta Shiga

...wannan hoton ma ya yi dishi-dishi. Hannuna ne. Kullum lafiyarsa ƙalau idan fasfo nake ɗaukar mutane a shagona na Gumel, sai yau da nake nemansa zai kama rawa? To, ya yi ta yi. Ba inda za ni, Baba, sai na samu zaurenka yadda ka gina shi.

Bayan asuba leburori za su zo. Yaya Sajo ya gama magana — zaure ya tsage, damina ta matso, gara a rushe a sa bulo kafin ya faɗa wa wani. Ban musa ba. Me zan ce, 'ya'yansa ne ke shige da fice ta nan. Amma in diga ta shiga, a ina kuma za a ga hannun Badamasi magini a duk Gagarawa? Sauran gidajen da ka yi an maye su da bulo da kwano. Wannan kaɗai ya rage.

Da rana na gwada, rana ta wanke komai. Filasha ta fi ta ɓarna, bango ya fito fari fat kamar an shafe zanen. Aikinka inuwa yake so. Kai ma sai la'asar sakaliya kake ja da baya ka duba, laka har gwiwar hannu, ido ɗaya a runtse — Ishaƙ, miƙo ruwan makuba, ka saki baki kana kallon shirwa... Yanzu benen maƙwabci ya tare wannan ranar. Shi ya sa na jira dare, na jingine babur daga gefe, fitilarsa tana shafar bangon a karkace. Ka gani? Ga dagin nan ya taso. Ga zankwaye. Idona yana ganinsu sarai, kyamara ce ta ƙi.

Ba ƙi ta yi ba, haske ne ya yi mata kaɗan. Dole idonta ya daɗe a buɗe, in kuwa ya daɗe, ko numfashi na ja sai ya nuna. Ƙafafunta kuma na baro su a shago. Mai hoto guda, shekara goma sha biyu a sana'a, ya taho babu ƙafafun kyamara! Da kana nan da ka ce gaggawa aikin shaiɗan.

Turmin Inna. Bari in mirgino shi... in kife shi nan, daidai bakin kwata. In ɗora kyamarar a kai, in naɗe hulata in tokare ƙasan gilashin, ya ɗan ɗaga kai. Ba zan taɓa ta ba, in saita ta ta ƙirga goma ta ɗauka da kanta. Tara, takwas... tirela. Wace irin tirela ce da tsakar daren nan? Ƙasa tana girgiza, turmi yana girgiza. Ya lalace. Ba komai, sannu ba ta hana zuwa.

Ka so in gaje ka. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji abokanka na majalisa, ni kuwa na ce laka ba sana'ar wanda ya yi makaranta ba ce. A nan na faɗa, a kan dakalin nan. Ba ka tanka ba, ka ci gaba da cuɗa ƙasa da ƙafa. Wannan shirun har yau yana ci mini rai. Ban gaji hannunka ba, amma abin da hannun ya yi ba zai tafi haka nan ba, ina da rai ina da kyamara.

Batir ya nuna ja. Saura ɗauka ɗaya, ko biyu in Allah ya so. Hanya ta yi tsit. In ja baya, in kame. Uku... biyu...

Alhamdu lillahi. Ya fito. Ya fito tar, Baba! Bari in jawo shi kusa — ga sawun yatsunka a cikin dagin, huɗu a jere. Har ciyawar da aka cuɗa da ƙasar ana gani. Ga tsagar ma. Ta biyo gefen ƙofa, ta... tsaya. Sama siririya ce. Ƙasa ta fi faɗi. Ai in ruwan indararo ne ya jawo ta, kamar yadda nake ta gaya wa Yaya, daga sama za ta faro.

Daga ƙasa ta faro. Daidai layin simintin nan, inda bangon ya kumbura.

Shekarar da ka rasu ne. Na ce wa zai iya yaɓe duk shekara, na kawo siminti aka shafe gindin zauren har ƙugu, ina tsaye ina jin na kyauta. Sau nawa ka hana? Ƙasa numfashi take yi, ka toshe mata hanci sai ta ruɓe ta ciki — da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba. Na ɗauka maganar tsofaffi ce.

Damina shida yana shan ruwa a ɓoye... ni kuma ina zagin indararo.

Bari in zauna a ƙasa kaɗan. Wa zan fara nuna wa, Yaya ko Inna? Na so ya fito, Baba. Babu abin da bai fito ba.